Riƙon Ɗa A Nesa: Amanar Tana Wuyan Wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya amana kuma zai tambaye mu a kansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya tashi maraya a hannun mariƙa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da da wuya a sami gidan da bai taɓa ba a nan ƙasarmu ta Dandi, wato ba da ɗa riƙo, musamman idan riƙon zai kai yaro wata jiha ko wata ƙasa. Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A ajina na Islamiyya a nan Kamba akwai wata yarinya da zan sakaya sunanta. Shekarunta ba su wuce tara ba, ga kai ga natsuwa, ta wuce Sabbi tana neman Amma. Wata rana na kira sunanta a rajista, shiru. Washegari shiru. Rana ta uku na ɗauki hijabina na nufi gidansu. Bayan mun gaisa da mahaifiyarta sai na ce, “Maman yara, lafiya dai ban ga ɗiyata ba?” Ta ce, “Ayya Malama, ai ta tafi riƙo.” Na ce, “Wurin wa?” Ta ce wurin wata Hajiya a Legas, wata mata ce mai safarar kaya ta zo da maganar, kuma ita ta tafi da ita. Na tambaye ta wace unguwa ce a Legas, ta yi shiru. Na tambaye ta sunan mijin Hajiyar, ta ce wallahi ba ta tambaya ba. Lambar wayar da take da ita ta wadda ta kai yarinyar ce kaɗai. An ba ta turmin atamfa da 'yan kuɗi, an ce za a yi wa yarinya komai har ɗakin mijinta.

Ban yi mata faɗa ba, don na san halin da take ciki. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya shida, da ƙosai take ciyar da su. Amma tun daga ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: idan uwa ta miƙa ɗanta ga wani hannu, shin amanar ta sauka daga wuyanta ke nan, ko tana nan?

Riƙo namu ne, mun gada

Kada wata ta zaci na zo in kushe riƙo. Haba, ai da yawanmu a hannun kaka ko gwaggo ko inna muka tashi. Kunyar ɗan fari kan sa a kai shi gidan kakanni tun daga yaye. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, 'yan uwanta kan ba ta ɗiya ta ɗebe mata kewa, ta aurar da ita, jikoki su kira ta kaka. Amarya kan tafi da ƙanwarta gidan miji. Idan uwa ta rasu, kafin a share makoki dangi sun raba marayu a tsakaninsu. Da wannan al'ada Allah Ya rufa mana asiri tun kafin a san wani abu wai shi gidan marayu. Shi ya sa Hausawa suka ce ɗa na kowa ne.

Addininmu ma bai hana ba. Annabi (S.A.W.) ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya a ƙauyen Banu Sa'ad, bayan rasuwar mahaifiyarsa Amina kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, daga nan sai baffansa Abu Ɗalibi. Da fari ya tsananta a Makka, iyali suka yi wa Abu Ɗalibi yawa, Annabi (S.A.W.) ya ɗauki Aliyu ya riƙe, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Nana Maryam ma a hannun Annabi Zakariyya (A.S.) ta tashi, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana. Kuma duk mun san busharar da aka yi wa mai riƙon maraya, ta kusanci da Manzon Allah a Aljanna.

To batun ƙetare iyaka fa? Mu nan sai mu yi murmushi. Kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, wanda ya kai ɗansa Sakkwato bai ƙetare wata jiha ba. Iyakar da ta raba mu da 'yan uwanmu na Gaya da Malanbil kuwa, Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta tun daga yarjejeniyarsu ta 1898, ba su tambayi Badande ko Bakyange ko Bazabarme ko Bafillace ina danginsa suke ba. Mutumin Lolo ko na Tsamiya a ƙasar Bagudo yana iya samun ƙanwarsa tana aure a Jamhuriyar Benin, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Daga Kamba, Gaya ta ƙasar Nijar ta fi Birnin Kebbi kusa. Saboda haka yarinyar da aka kai wa gwaggonta a Gaya ta bar ƙasa, amma ba ta bar idon uwarta ba. Wadda aka kai Legas ko Anaca wurin wadda ba a sani ba tana cikin Nijeriya, amma ta ɓace. Kin ga ke nan layin da ke jikin taswira ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne: idonki da kunnenki suna kaiwa wurin?

Inda riƙo ya sauya kama

'Yar uwa, riƙon da muka gada yana tsaye ne a kan ƙafa uku: an san mariƙiya, ana iya zuwa a gani, kuma akwai dangin da za su tsawatar idan an ga ba daidai ba. Idan gwaggo ta ƙuntata wa yarinya, ranar suna ko biki za a gan ta a rame, magana ta kai ga manya. Yanzu kuwa wani abu ya shigo ya ari sunan riƙo. Dillaliya ta shiga tsakani, kuɗi ya shiga, nisa ya shiga. Ana cewa 'yar riƙo, amma idan kika leƙa gidan 'yar aiki za ki tarar: ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida su tafi makaranta ita ta ɗauki tiren talla.

Maƙwabtanmu na kudancin Benin sun riga mu ɗanɗana wannan. Suna da al'ada irin tamu, da harshen Fon suna kiran yaron da aka ba wani riƙo “bidomegon”. Asalinta zumunci ne, talaka ya ba ɗan uwansa mai hali ɗa don ya sami tarbiyya da sana'a. A hankali 'yan fatauci suka shiga ciki. A watan Afrilu 2001 duniya ta ji labarin jirgin ruwan nan mai suna Etireno, wanda ya tashi daga Kwatano zuwa Gabon ɗauke da yara da dama, aka hana shi sauke mutane, ya yi ta yawo a teku kafin ya komo. A 2003 kuma aka gano yara 'yan Benin fiye da ɗari suna aikin haƙa da fasa dutse a yankin Abekuta ta Jihar Ogun, aka mayar da su gida. Da yawa daga irin waɗannan yara ba sace su aka yi ba, iyayensu ne suka miƙa su da hannunsu bisa alkawarin za a koya musu sana'a. Abin ya kai ga Nijeriya da Benin suka sa hannu a kan yarjejeniyar yaƙi da fataucin mutane a 2005.

Mu ma mun ga namu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa ta asali. Duk uwar da ta ga hotunan yaran nan ta san abin da nake nufi: ƙananan yara ana tambayarsu daga ina suke, kamar kayan da aka rasa mai shi. Sannan mu mutanen bakin iyaka muna da wani darasi na daban. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, har da gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, mutane suka koma tsallaka Kwara a kwalekwale. Hanyar da kika dogara da ita yau don ki je ki ga ɗiyarki, gobe ana iya sa mata kwaɗo ba da shawararki ba.

Uwar Annabi Musa ba ta juya baya ba

Mu koma kan tambayarmu. Ni a fahimtata, amanar ba ta sauka. Hadisin nan sananne da ya nuna kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya a kan kiwonsa ya ambaci mace da gidan mijinta da 'ya'yansa. Makiyayin da ya ba wani aron sanda bai zama ba shi ne mai garke ba. Abin da kika miƙa wa mariƙiya shi ne hidima: ci da sha da sutura da kwana. Amma tambayar ranar gobe, ta cewa yarinyar nan tana salla, tana karatu, an tsare mutuncinta, wannan za a yi wa mariƙiya, za a yi wa uba, ke ma za a yi miki.

Ki duba ƙissar mahaifiyar Annabi Musa (A.S.) a Suratul Ƙasas. Babu uwar da ta kai ta uzuri. Fir'auna yana yanka 'ya'ya maza, Allah da kanSa Ya yi mata ilhama ta sa jaririnta a kogi, kuma Ya yi mata alkawarin zai mayar mata da shi. Duk da wannan alkawari, me ta yi? Ta tura yayarsa ta bi sawunsa daga nesa ta ga inda ruwa zai kai shi. Ta wannan bibiyar ce Allah Ya hukunta yaro ya komo ƙirjin uwarsa. To idan wadda ke da alkawarin Ubangiji a hannu ta tura a bi sawu, ke da alkawarin dillaliya kawai kike da shi, wane dalili gare ki na zama?

Malamanmu na Malikiyya ma sun lura da sha'anin nisa. A Risala ta Ibnu Abi Zaidi, da aka zo batun wanda ya fi cancantar renon yaro bayan rabuwar aure, an fara da uwa, sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar uwar uwa, wato an bi waɗanda tausayinsu ya fi kusa. A Muhtasar na Shaihu Halil kuma an ambaci tazarar baridi 6, kimanin mil 72: idan mai reno za ta ƙaura da yaro nisan da ya kai haka, waliyyinsa yana da damar karɓarsa, saboda kulawarsa ba za ta riƙa isa gare shi ba. Wannan hukunci na reno ne, ban ce na riƙo ba ne, amma hikimar a fili take. Idan shari'a ta damu da nisa ko da yaro yana hannun uwar da ta haife shi, ina ga hannun baƙuwa?

Uzurorin da muke kawowa

Na san wata za ta ce, “Malama, ke kina da albashi, ba ki san yunwa ba.” Gaskiya ne talauci ba wasa ba ne, kuma ba zan ce wa uwar da ta rasa abin ɗora tukunya haramun ne ta nemi mai taya ta ba. Akwai yaran da riƙo ya zame musu alheri, suka yi karatun da a gida ba za su samu ba. Amma talauci yana iya tilasta miki ki bayar, ba ya tilasta miki ki ƙi tambaya. Sunan unguwa da sunan maigida da lambar waya ba a sayensu da kuɗi.

Wata kuma za ta ce, “Ai na bar wa Allah.” Madalla da tawakkali. Sai dai Annabi (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ko akuya za ki ba wani kiwo sai kin san gidansa, kina aikawa a duba miki ko ta haihu. Ɗiyarki ba ta kai akuya ba ne?

Uzuri na uku shi ya fi wuyar magani, wato kunya. A al'adarmu idan ka ba da ɗa, yawan tambaya kamar rashin yarda ne. Sai a ce, “Ta bayar kuma tana leƙe.” Har akwai masu alfahari da cewa shekara kaza ba su taka gidan ba don kada a ce sun sa ido. Wallahi 'yar uwa kunya alheri ce, amma wadda za ta sa ki yi shiru a kan haƙƙin yaron da ba ya iya yi wa kansa magana, wannan ba ita addini ya yaba ba. Mariƙiyar kirki ba ta jin haushin ziyara, murna ma take yi a zo a ga ƙoƙarinta. Wadda ta ɓata rai don kin ce a ba ki yarinya a waya, to ta gaya miki abin da ya kamata ki sani.

Gare ki, ke mariƙiya

Wataƙila ke mai karanta wannan ba bayarwa kika yi ba, karɓa kika yi. Allah Ya saka miki da alheri, amma ki auna kanki. Anas ɗan Malik yana yaro mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta kai shi wurin Annabi (S.A.W.), ya yi masa hidima shekara goma, kuma ya ba da shaidar cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Ke fa, a wata goma sau nawa kika zagi uwar 'yar riƙonki? Kwano ɗaya suke ci da 'ya'yanki? Ranar salla ɗinkinsu iri ɗaya ne? Idan kuɗin makaranta bai isa ba, wa ake fara cirewa?

Ki kuma kiyaye iyakokin shari'a. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi (S.A.W.), da mahaifinsa da baffansa suka zo nemansa ba a ɓoye shi ba, aka kira shi aka ba shi zaɓi. Daga baya ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka, suka hana jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Saboda haka kada ki sauya wa yaro sunan mahaifi a takardar makaranta ko ta haihuwa, kada ki ɓoye masa garinsu da danginsa. Riƙo ba ya sa muharramaka sai idan an sha nono a cikin shekarun shayarwa, don haka idan sun balaga a kula da hijabi da wurin kwana. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, amma kina iya yi masa kyauta da ranki, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Kuma idan kika ga ba za ki iya ba, ki mayar da shi da mutunci. Halimatu da ta ji tsoron kada wani abu ya sami yaron da ke hannunta, ɗaukarsa ta yi ta kai wa mahaifiyarsa.

Hukuma ma tana da magana a nan. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 tana da babi a kan riƙon da ake yi ta hanyar kotu, ta hana karɓar kuɗi a kansa, ta kuma hana fita da yaron daga yankin kotun ko daga ƙasa ba da izini ba. Jihar Kebbi ta sa hannu a kan tata dokar haƙƙin yara a 2022. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi mai hukuncin ɗauri. Yawancin riƙonmu ba ya bi ta kotu, to sai mu zama mu ne masu sa ido da kanmu.

Kafin ki ɗaura mata kaya

Idan har ya zama dole ki bayar, to ki fara da dangi na kusa kafin bare, da gari na kusa kafin na nesa. A yi da sanin mahaifi ko waliyyi, a gaban shaidu, in da hali mai unguwa ko liman ya sani. Ke ko wani naki ya raka yarinyar har cikin gidan, don gani ya kori ji. A faɗi maganar makarantar boko da Islamiyya ƙarara tun kafin a tafi, a tsayar da lokacin da za ta riƙa zuwa gida. Ki yi mata takardar haihuwa, ki sa ta haddace sunan mahaifinta da garinsu da lambar wayar wani nata. Ki tambayi yarinyar ita kanta, kuma duk ranar da kuka yi magana ki saurari muryarta, ba kalmominta kaɗai ba. Kuɗin da za a ba ki a kan tafiyarta kuwa, ki yi tunani sau biyu kafin ki miƙa hannu, don wanda ya biya gani yake ya saya.

Ita ɗalibar tawa, sai bayan wata biyar muka gano inda take, ta hanyar wata 'yar ƙungiyarmu da ke aure a Agege. Hajiyar ba muguwa ba ce, tana ba ta abinci da sutura, ba ta dukanta. Amma tun da ta je ba ta taka makaranta ba, ruwan leda take sayarwa a bakin titi. Da aka yi wa Hajiya magana sai ta ce, “Ai ba wanda ya ce mini a sa ta.” Wannan amsa ta fi komai tsaya mini a rai, don gaskiya ta faɗa. Yanzu an sa yarinyar a Islamiyyar unguwar, mahaifiyarta tana jin muryarta duk ranar Juma'a, kuma an yi alkawarin za ta zo gida da babbar salla. Karatun dai ya koma baya, sai da ta sake daga Sabbi.

Ina roƙon kowane reshe na ƙungiyarmu, daga Kamba zuwa Bagudo da Ka'oje da Illo, mu riƙa tambayar juna a wurin ta'alim: wa ke da ɗa a nesa, kuma yaushe rabonta da jin muryarsa? Wadda ke da 'yar uwa a garin da yaron yake, ta taimaka a leƙa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda suka riƙe mu muna ƙanana, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.